Ɓarɓashin da Fada Ya Bari

A bayan tashar motar Kazaure, can inda gidaje suke ƙarewa duwatsu su karɓi gari, akwai wani ɗakin ƙasa mai rufin kwano, wanda in ba an gaya maka ba sai ka ɗauka ma'ajiyar gyaɗar wani ce. Coci ne. Gicciyen da ke bisa ƙofarsa iska ta karye masa hannu ɗaya tun shekarar fari, ba a kuma sami mai hawa ya gyara ba. Benci shida ne a ciki, mai zama a kansu kuwa mutum ɗaya ce tak, Tasalla mai ƙuli-ƙuli, matar marigayi Daudu katikis, wato mai koyar da addini a cocin.

Kowace safiya, tun kafin ta hura wuta a murhunta, sai ta ɗauki kwalbar man gyaɗa ta tsallaka 'yar hanyar da ke tsakanin gidanta da cocin. A gefen bagadi, wato teburin ibada, daf da taga, akwai wani ɗan kofin gilashi ja rataye da sarƙa, lagwani na ci a cikinsa. Ta ƙara masa mai, ta datse bakin lagwanin, ta durƙusa gaban wani akwatin katako da ke kan bagadin, ta ce, "Ina kwana, Maigida." Sa'an nan ta duba gwangwanayen tokar da ta sa a ƙafafun teburin saboda tururuwa, ta share, ta fita. Shekara tara ke nan wannan fitila ba ta mutu ba ko sau ɗaya.

Wanda ya gina cocin sunansa Fada Nwosu, mutumin kudu ne, ya zo garin shekara biyu kafin 'yancin kai. Ba irin Fadan nan ba ne na Kano masu farar riga da mota. Katolika ne shi ma, yana hadaya, wato babbar ibadar coci, yadda suke yi, amma ba ya ƙarƙashin Paparoma. Wani bishop ne can ƙasarsu ya ɗora masa hannu ya naɗa shi Fada. Yana da mata da 'ya'ya uku, tuwonsa kuma daga keken ɗinki yake fitowa. Ranar kasuwa sai ya ɗaure kan keken ɗinkin a bayan kekensa na hawa, yau Gwiwa, jibi Roni, wani lokaci har Babura, Daudu na biye da shi. Ya sami gindin tsamiya ya zauna. Maguzawa su kawo yagaggun riguna, yana faci yana ba su labarin Yesu da wata irin Hausa mai karyayyen ƙashi, wadda sai Daudu ya sake ɗora ta kafin a gane. Ana dariya ana saurare.

Bai taɓa tambayar kowa ko namu ne ba. Mai giya, mai mata huɗu, wanda bai daina yanka wa iskoki kaza ba, duk wanda ya zo ran Lahadi ya miƙo hannu sai ya ba shi gurasar Jibin Ubangiji. In an yi masa magana sai ya ce, "Akushin ba nawa ba. Ni bara. Bara ba ya kore baƙo na maigida." A lokacin benci shidan nan ba sa isa, har a taga ake leƙe.

Sai shekarar tashin hankali ta zo, mutanen kudu suka kwashe kayansu. Ranar da zai tafi, motar da za ta ɗauke su tana tsaye a tasha tana huci, Fada ya yi hadaya ta ƙarshe a gurguje. Ya tsarkake gurasa goma sha biyu, 'yan farare sirara masu faɗin kwabo, ya jera su a wani gwangwanin azurfa, ya sa a akwati. Ya kira Daudu da Tasalla ya bar musu wasiyya.

Ya ce ba mai ikon tsarkake wata sai firist, don haka su adana waɗannan saboda waɗanda ke bakin mutuwa kaɗai. Ya ce ko an gutsura, kowane ɓarɓashi cikakke ne, Yesu ba ya raguwa. Ya ce duk wanda ya ɗauko shi zai kai wa majinyaci, kada ya gaida kowa a hanya, kada ya amsa gaisuwa, don mai tafiya da sarki ba ya tsayawa hira. Sa'an nan ya nuna jar fitilar.

"Wannan yana faɗa ma mutane Maigida na gida. Man gyaɗa, ba kananzir ba. In gurasa na nan, kar ya mutu. In gurasa ya ƙare, ku kashe shi da bakinku. Fitila ba ya ƙarya."

Ya ce wata uku zai yi. Wasiƙa ɗaya ta zo daga gare shi, sai aka fara yaƙin basasa, daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Jama'a ba a rana ɗaya suka watse ba, da ma hakan ne da ya fi sauƙi. Zarewa suka riƙa yi ɗaya-ɗaya. Wasu suka musulunta tare da danginsu, suka ci gaba da gaida Tasalla da mutunci a kasuwa. Wasu ƙasa ta rufe. Samari kuwa da aka fara zancen kuɗin man fetur, kowa ya naɗe tabarmarsa sai Kano, wai masana'anta na ɗaukar ma'aikata. Duk waɗannan Tasalla ta yafe musu. Mutum ɗaya ce ba ta yafe wa ba, Dela.

Ƙauyensu ɗaya da Dela, can gaba da Roni. Tare suka yi tallar goruba, shekara ɗaya aka yi musu aure, rana ɗaya Fada ya yi musu baftisma a baho guda. Dela ce mai ba da waƙa a coci, muryarta har tasha ake ji. Bayan an gama yaƙi wani Fada Bature ya zo daga Kano, mutum mai ladabi, Hausarsa ta fi ta Fada Nwosu nesa ba kusa ba. Ya zauna da Daudu ya ji labarin akwatin. Ya ce shi bai ce ƙarya ba ne, bai kuma ce gaskiya ba ne, ba shi da hurumin yanke hukunci a kan wanda ya ɗora wa telan hannu. Amma ƙofarsu a buɗe take, su zo a rubuta su, za a riƙa turo musu firist, akwai makaranta, akwai magani. Daudu ya yi godiya ya ce sai dai su jira nasu. Baturen ya yi sallama ya tafi ba tare da ɓacin rai ba.

Dela ce ta tsaya a bakin ƙofa bayan tafiyarsa, ta riƙe ƙugu, ta faɗi abin da shi baƙon bai faɗa ba. "Gurasar tela ce kawai! Mutane na yunwa kuna shayar da gurasa man gyaɗa." Mutum goma sha ɗaya suka bi ta a ranar, rabin waɗanda suka rage ke nan. Tun daga nan ko a hanya Tasalla ta hango ta sai ta canza gefe.

Gurasa kuwa tana ta raguwa, don mutuwa ba ta san tattali ba. Da ta zo kan Daudu saura biyu, ya ƙi yarda a ba shi guda, ya ce a raba. Bayan an binne shi Tasalla ta sayi sabuwar reza ta ajiye a cikin akwatin. Ba wanda ya naɗa ta komai, ba ta iya karatu ba, amma ta haddace addu'o'in da mijinta ke yi, kuma in ba ita ba wa? Aka riƙa aiko mata daga ƙauyuka. Rabi ya koma kwata, kwata ya koma abin da ba shi da suna. A damina ta bana abin da ya rage a gwangwanin bai fi ƙwayar gero ba, ya yi rawaya don tsufa. Ta taɓa gwada ɗora masa reza, ta ga yana shirin zama gari, ta janye hannu da sauri.

Wannan kam nata ne, haka ta yanke a ranta, ba ta kuma jin kunyar hakan. Ta kai wa mutum fiye da ashirin, ta taka ƙaya ta sha rana. Tari ya fara damunta, ta san ba daɗewa za ta yi ba. Ba ɗa ba jika, ba wanda zai yi mata waƙa a kan kabari. Abin da take roƙo kawai, ranar da ta ji ƙafa ta fara sanyi, ta rarrafo ta buɗe akwatin ta sa wa kanta a harshe, ta hure fitilar, ita da cocin su tafi tare. Har ranar ta zo kuwa, muddin ƙwayar nan na cikin gwangwani tana da wanda za ta ce wa ina kwana.

Ran Lahadi takan buga wani guntun ƙarfen mota da ke rataye a bishiyar darbejiya, kamar yadda Daudu ke yi. Ta shiga ta zauna a bencinta na da, na biyu daga gaba, ɓangaren mata. Ta ba da waƙa ta amsa wa kanta. Wani lokaci kaɗaici ya danne ta har ta kasa kai ƙarshen baiti, sai ta yi shiru ta zuba wa jar wutar ido. Ga shi gyaɗa ta yi wuya, fari ya cinye ta, ciwo ya ƙarasa saura. Ƙasa ta sami man fetur har ana faɗa a rediyo, kananzir ko'ina, amma man gyaɗa sai mai rabo. Duk da haka man farko na kowane matsi na fitila ne, ko da miyarta za ta tafi gaya.

Wata safiyar Agusta tana tsakiyar murza ƙuli aka yi sallama. Wata mace ce jiƙe sharkaf, laka har gwiwa. Tasalla ta gane ta tun kafin ta durƙusa, don goshin uwarta ne sak. 'Yar Dela ce ta fari, Uwa sunanta.

"Inna, ina kwana."

"Lafiya. Daga ina da wannan ruwa?"

"Daga gida. Jikin Innarmu ne. Kwana takwas ke nan ko kunu ba ya zama. Ta ce in zo in ce miki ki kawo mata abin da ke akwati."

Tasalla ta ci gaba da murza ƙulinta kamar ba ta ji ba. Sai da ta jera biyar a faranti sa'an nan ta ɗago.

"Wane akwati? Ai gurasar tela ce a ciki. Ina Fadanku mai mota?"

"Sau ɗaya yake zuwa a wata uku, Inna. An aika, aka ce rafi ya cika, mota ba ta wucewa sai ruwa ya ja. Ita kuwa ba za ta kai ba."

"To ta jira ruwa ya ja. Ni shekara tara nake jira, ban mutu ba."

Uwa ta matsa gefen zaure ta zauna a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi roƙo ba, ba ta kuma tafi ba. Taurin kan nan ma gado ne, Tasalla ta san inda aka samo shi.

Mai ya yi zafi a kasko, ta zuba ƙuli, ya ƙone tana kallo. Ta sauke, ta goge hannu a zani, ta tsallaka coci ta turo ƙofa da ƙarfi. Ko durƙusawa ba ta yi ba.

"Ka ji, ko?" ta ce wa akwatin. "Ita ce fa ta tsaya a ƙofar nan. Ita ta kwashe maka mutane. An rubuta ta a littafin wasu, ba tamu ba ce. Ni da nake share maka ɗaki, ni da nake cin tuwo ba mai saboda kai, ni za a bari hannu wofi? Wane irin adalci ne wannan?"

Fitila na ci, ruwa na ɗiga ta wata ɓula a kwano yana faɗawa cikin tsohuwar ƙwarya. Ba abin da ya amsa mata. Ta so ƙwarai a ce Fada ya bar wata doka da za ta fake da ita. Ta bi wasiyyarsa ɗaya bayan ɗaya a ranta, ta juya ta ta kowane gefe. Ya ce saboda waɗanda ke bakin mutuwa, bai ce namu ba. Mutumin da ya ba mai giya da mai iskoki, ina zai hana Dela? Karyayyar Hausarsa ta dawo mata a kunne har da yadda yake ɗaga kafaɗa: akushin ba nawa ba. Haushi ya kama ta, na Dela, na Fada, har da na Daudu da ya mutu ya bar ta da wannan kaya.

Ta buɗe akwatin, ta ɗauko gwangwanin, ta naɗe shi a farin ƙyalle ta ɗaura a ƙirji. Ta juya ga fitilar. Akwati ya zama fanko, bisa wasiyya yanzu ne ya kamata ta hure ta. Ta tara iska a baki, ta kasa. Wani tunani ya zo mata: wa ya sani, wataƙila kafin su isa Dela ta cika, ta dawo da abinta. Ta ji kunyar tunanin har cikin ƙashinta, amma ba ta kore shi ba, ta bar fitilar na ci.

Maƙwabciyarta Ya Fanna, matar Baba Kura mai kanwa, tana tsaye a ƙofar gida. Mace ce mai yawan sallah, ba ta taɓa taka cikin cocin ba, amma duk sanda zazzaɓi ya kwantar da Tasalla ita ke miƙa dogon ludayi ta taga ta ƙara wa fitilar mai, ta ce amanar maƙwabci ce. Da ta ga farin ƙyallen a ƙirjin Tasalla sai ta haɗiye gaisuwarta, ta san al'adar. Tasalla ta miƙa mata kwalbar mai, ta nuna taga da haɓa. Ya Fanna ta gyaɗa kai.

Suka shiga motar kasuwar Roni. Wanda bai taɓa wucewa ta cikin Hausawa da rufaffen baki ba bai san wuyar abin ba. Kwandasta ya gaishe ta, shiru. Wata tsohuwa da suka san juna shekara talatin ta ce, "Tasalla, ina gajiya?" Tasalla ta kafe ido a kan buhun da ke gabanta. Tsohuwar ta taɓe baki ta ce wa ta kusa da ita, "Kin ga abin da zaman kaɗaici ke yi wa mutum." Uwa ce ke ta amsawa a madadinta, lafiya lau, ku yi haƙuri, ba ta jin daɗi ne. Motar na tafe tana kauce wa manyan motocin da ke zuba tsakuwa a sabuwar hanya, mutane na ta musun ƙarin albashi da farashin rediyo. Ita tana zaune a tsakiyarsu, hannu a ƙirji, kamar daga wata duniya ta fito.

Daga Roni suka kama ƙafa ta cikin gonaki. Gero ya fi mutum tsawo, manoma na ɗagowa suna sannu da zuwa, tana wucewa. Tari ya tsayar da ita sau uku. A bakin rafi suka tarar da ruwa ja wur yana gudu da itatuwa. Wasu Fulani na tsallakar da shanu, wani dattijo a cikinsu ya miƙo musu sandarsa su riƙe. Tasalla ta kwance ƙyallen daga ƙirji ta ɗora a ka, ta danne da hannu ɗaya. Ruwa ya kai mata wuya, ƙafarta ta zame a kan dutse, ta sha ruwa ta shaƙe, amma hannun nan bai bar kai ba. Da suka fita ta so ta ce wa dattijon na gode, ba dama. Ta dube shi kawai, shi kuma ya ɗauka ko bebiya ce, ya yi mata addu'a ya kora shanunsa.

La'asar sakaliya suka shiga gidan. Tun daga zaure Tasalla ta kasa kunne ko za ta ji kukan mutuwa. Ba kuka, sai sautin daka a maƙwabta. Ta gane abin da take saurare, ta ji kamar ta mari kanta.

Dela na kwance a kan tabarma, ta koma kamar kara. Macen da muryarta ke kai wa tasha, yanzu sai an sunkuya ake jin ta. Ta buɗe ido ta daɗe tana kallon Tasalla.

"Kin zo."

Tasalla ta durƙusa ta shimfiɗa ƙyallen a ƙasa, ta ɗora gwangwanin a kai.

"Tsaya," in ji Dela. "Kada in cuce ki. Har yanzu ban sani ba ko na gaske ne. Na yi ta tunani shekara biyar, ban sani ba. Amma tsoro nake ji, Tasalla, kuma shi ne a kusa."

Wannan magana ta yi wa Tasalla zafi fiye da ta bakin ƙofa. Ta sha ruwan rafi, ta zubar da mutuncinta a mota, don a ce mata shi ne a kusa, kamar mai neman gishiri a maƙwabta? Hannunta ya kai kan murfin gwangwanin ya tsaya. Ba wanda zai zarge ta in ta naɗe ta tashi, da bakinta Dela ta ce ba ta gaskata ba. Sai ta ga hannun Dela a kan tabarma, ya buɗe, tafin na sama. Haka suke miƙawa a da, su biyu a jere a benci na biyu.

Ta fara addu'ar da Daudu ke yi, muryarta a dushe saboda shirun yini guda. Ta buɗe gwangwanin. Ta jiƙa kan yatsarta a ruwa, ta taɓa ƙwayar ta manne, ta kare da ɗaya hannun kada numfashi ya ɗauke ta.

"Buɗe bakinki. Jikin Almasihu."

"Amin."

Ta ɗora mata a harshe. Ta ɗauraye gwangwanin da ruwa kaɗan ta ɗura mata, kada wani gari ya saura. Dela ta haɗiye da ƙyar, ta rufe ido. Can ta ce, "Ko ji ban yi ba. Ya shiga kuwa?"

"Ya shiga."

Sai a lokacin Tasalla ta zauna sosai a ƙasa, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura. Ta ce, "Sannu, Dela. Yaya jiki?"

"Da sauƙi. Yaya hanya?"

"Hanya ta yi kyau."

Dela ta juyo da kai ta ga gwangwanin a kife yana tsanewa.

"Saura nawa a akwatin?"

"Ina ruwanki?"

"Tasalla, saura nawa?"

"Shi ke nan."

Dela ta yi yunƙurin tashi ta kasa. Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido ya shiga kunne. "To ke fa? Da kin faɗa mini da ban karɓa ba."

"Shi ya sa ban faɗa ba. Kwanta, kin cika surutu tun muna yara."

Kwana biyu Dela ta ƙara. Tasalla ce ta riƙa juya ta, tana jiƙa mata leɓe, suna tuna wanda ya auri wa da wanda ya mutu a wace shekara. Ba su ƙara ta da zancen bakin ƙofa ba. Ta cika ran Laraba da hantsi. A bakin kabari mutanen cocinsu suka yi nasu addu'o'in daga littafi, Tasalla na tsaye a baya, ba wanda ya san inda zai sa ta. Katikis ɗinsu ya zo ya yi mata godiya cikin ladabi, ya ce in ruwa ya ja Fada zai zo, ta zo a rubuta ta, tsohuwa ba ta zama ita kaɗai. Ta ce ta ji, ta gode. Uwa ta rako ta har rafi.

A hanyar dawowa ta gaida kowa. Ta gaida manoma, ta gaida kwandasta, ta nemi dattijon nan mai shanu ba ta gan shi ba. Bakinta a sake, ƙirjinta ba kaya, amma ba ta taɓa jin tafiya mai nauyin wannan ba.

Rana tsaka ta sauka a Kazaure. Ya Fanna ta hango ta ta taso da murna, kwalba a hannu.

"Maraba, maraba! Yaya mai jiki?"

"Ta riga mu."

"Allahu akbar. Allah ya ba ku haƙuri." Ta ɗaga kwalbar. "Naki ya ƙare tun shekaranjiya, na zuba nawa na miya. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba, je ki gani."

"Na gode, Ya Fanna. Allah ya saka."

Ta karɓi kwalbar, ta je ta tura ƙofar cocin. Ga jar wutar na ci lafiya lau, kwana huɗu tana faɗin abin da ba haka ba. Tasalla ta mayar da gwangwanin cikin akwati, ta bar murfin akwatin a buɗe. Ta zauna a benci na biyu ta daɗe tana kallon wutar, don ta san ba za ta sake ganinta ba. Bakinta ya buɗe da kansa zai yi gaisuwar da ya saba, ta rufe shi. Ta tashi ta kama sarƙar ta jawo kofin kusa da fuskarta, ɗuminsa ya taɓa mata kunci. Ta hure. Hayaƙi siriri ya tashi, warin lagwani ya cika ɗakin. Duk da rana ce, sai ta ga wurin ya koma ɗakin ƙasa kawai mai benci shida.

Ba a jima ba ta ji gudu a waje. Ya Fanna ce a taga, garwashi a kan fasasshen kasko, tana haki.

"Tasalla! Fitilarki ta mutu! Wallahi na cika ta da safe. Ungo wuta, yi sauri."

"Bar shi, Ya Fanna. Ni na kashe."

"Ke? Bayan shekara tara?"

"Maigidan ba ya nan. Na raka shi Roni."

Ya Fanna ta dubi akwatin a buɗe, ta dubi Tasalla. Ba ta gane duka ba, amma ta gane isasshe. Ta sauke kaskon a hankali.

"To yaushe zai dawo?"

"Ban sani ba."

Ya Fanna ta ɗan tsaya, sa'an nan ta koma gida da garwashinta. Tasalla ta zare tsohon lagwanin, ta wanke kofin ta goge shi da bakin zani. Ta murza sabon lagwani da auduga ta sa, ta tsiyaye sauran man Ya Fanna da ke kwalba a kai har ɗigon ƙarshe. Ta ɗauko ashana ta ajiye a kan bagadi, kusa da akwatin, inda duk wanda ya shigo zai gani. Sa'an nan ta ɗauki tsintsiya ta fara shara daga bencin baya.